MALAM AMINU KANO: MALAMIN DA YA AJIYE ALBASHI YA BI ABOKANSA

A wannan mako za mu waiwayi tarihin wani mutum wanda da wuya a sami ɗan Nijeriya, na Arewa ko na Kudu, da bai taɓa jin sunansa ba, watau marigayi Malam Aminu Kano. Jama'a sun san shi da jagorancin talakawa, sun san shi da NEPU da PRP. Amma kaɗan ne suke tuna cewa kafin duk wannan ma'aikaci ne mai albashi, wanda ya shekara 8 yana koyarwa, hanyar girma a buɗe take a gabansa, sai ya ɗauki alƙalami ya rubuta takardar barin aiki don ya je ya haɗu da waɗansu abokansa waɗanda ba su da komai a hannu sai ra'ayi. Wannan mataki da ya ɗauka cikin 1950 shi ne ya juya rayuwarsa duka, kuma ta kansa ne za mu bi tarihin nasa.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Aminu ran 9 ga watan Agusta 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne daga zuriyar Fulanin Gyanawa, waɗanda aka sani da ilmin shari'a, ya kuma yi aikin mufti a kotun Alƙalin Kano. Mahaifiyarsa Rakiya ita ma mai karatu ce, a gida kuwa yaron ya fara karatun Alƙur'ani. Saboda haka tun yana ƙarami ya saba da littattafan fiƙihu, ya kuma ga yadda ake gudanar da shari'a a ƙarƙashin En'e, da daɗinta da rashin daɗinta.

Cikin 1930 aka sa shi makarantar elementare ta Shahuci, daga nan ya wuce Midil ta Kano. A 1937 ya sami shiga babbar kwalejin Arewa, wadda aka taso da ita daga Katsina zuwa Kaduna, wadda kuma daga baya ta zama Kwalejin Barewa. A nan ne ya nuna gwaninta wajen shirya wasan kwaikwayo, yana amfani da shi wajen zolayar masu cin zalin talakawa da masu zamba a kasuwa. Ya gama karatunsa da takardar malanta cikin 1942, aka tura shi koyarwa Midil ta Bauchi.

ZAMAN BAUCHI

Bauchi ce ta haɗa shi da mutanen da suka zama abokan tafiyarsa, da kuma waɗanda suka zama abokan hamayyarsa. A makarantar ya tarar da Malam Abubakar Tafawa Balewa da Malam Yahaya Gusau suna koyarwa. A cikin gari kuwa akwai Malam Sa'adu Zungur, malamin addini kuma mawaƙi, wanda ya yi karatu a babbar kwalejin Yaba ta Ikko, mutum mai kaifin harshe da kaifin alƙalami. Sa'adu ya girmi Aminu da 'yan shekaru, ya kuma zama masa kamar wa, kamar malami.

Cikin 1943 waɗannan matasa suka shiga wani zauren muhawara da aka buɗe a Bauchi da yardar Turawan mulki, inda ake tattauna al'amuran ƙasa. Turawa sun zaci hira za a riƙa yi a watse. Sai ga Aminu da Sa'adu suna yin tambayoyi a kan aikin tilas, da yadda ake kashe kuɗin haraji, har da yadda ake yanke albashin sarakuna. Ba a daɗe ba aka rufe zauren. Matasan suka kafa ƙungiyarsu ta neman ci gaban Bauchi, wadda masana tarihi suke lissafa ta cikin ƙungiyoyin siyasa na farko a Arewa.

A 1946 aka ba Aminu gurbin ƙaro ilmi na shekara guda a sashen koyon aikin malanta na Jami'ar Landan. Ya isa Ingila yaƙin duniya na biyu bai daɗe da ƙarewa ba, jam'iyyar Leba ce ke mulki, ƙasar Indiya kuma tana gab da samun 'yancin kai, wanda ta samu a 1947. Ya saurari 'yan siyasar Ingila, ya zauna da ɗalibai daga sauran ƙasashen da ke ƙarƙashin Turawa, ya kuma yi nazarin hanyar Mahatma Gandhi ta neman haƙƙi ba da makami ba. Da ya komo gida ya tsaya tsayin daka wajen kafa Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa cikin 1948, shi ne kuma babban sakatarenta na farko.

ABIN DA YA AJIYE

Ya kamata mai karatu ya san irin matsayin da Malam Aminu yake kai a wannan lokaci, don ya gane nauyin abin da ya yi. A Arewa ta wancan zamani, waɗanda suka gama kwaleji 'yan ƙalilan ne, waɗanda suka taka Ingila don karatu kuwa ana iya ƙirga su da yatsu. Mutum irin wannan yana da albashi duk ƙarshen wata, yana da muhalli, yana da fansho idan ya tsufa, ga kuma girma a idon jama'a. Turawa sun fara shirin miƙa manyan ayyuka ga 'yan ƙasa, suna neman waɗanda za su riƙe. Da ya yi shiru ya bi layi, babu shakka da ya kai ƙololuwa, kamar yadda da yawa daga cikin tsararsa suka kai. An ma yi masa tayin muƙamai mafiya girma don a ja shi a jika, bai karɓa ba.

Hukuma ta ga abin da ya fi shi ne a nisanta shi. Aka tura shi ya shugabanci makarantar horon malamai ta Maru, a Lardin Sakkwato na lokacin, wadda yanzu take cikin Jihar Zamfara. A can ya zauna da wani matashin malamin Larabci, Malam Abubakar Mahmud Gumi, har suka tsaya tare a wata taƙaddama da ta tashi kan limamin garin da yake yin taimama maimakon alwala, maganar da ta kai har gaban Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Maru ba ta sa ya yi sanyi ba. Ya ci gaba da rubuce-rubuce, ya kuma shiga Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta yi babban taronta na farko a Kaduna cikin 1949 a ƙarƙashin Dokta R. A. B. Dikko, tana ƙungiyar raya al'adu da zumunci tukuna.

ABOKAN KANO

Ran 8 ga watan Agusta 1950 waɗansu matasa 8 suka taru a Sabon Garin Kano suka kafa jam'iyyar siyasa ta farko a Arewa da ta fito fili ta kira kanta jam'iyyar siyasa, watau NEPU, wadda aka sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. Cikinsu akwai Abba Maiƙwaru, da Bello Ijumu, da Magaji Ɗambatta, da Mudi Sipikin, da Musa Kaula, da Baballiya Manaja, da Abdulƙadir Ɗanjaji. Ba 'ya'yan sarauta ba ne, ba kuma attajirai ba ne. Ƙananan ma'aikata ne da 'yan kasuwa da masu sana'a. Manufarsu ita ce a 'yantar da talaka daga danniyar mulkin En'e wanda Turawa suka jingina da shi.

A cikin wannan wata na Agusta ne kuma tsohon abokin aikinsa na Bauchi, Abubakar Tafawa Balewa, ya tashi a Majalisar Dokoki ta Kaduna ya kawo shawarar a yi wa mulkin En'e gyara. Watau ciwon ɗaya ne suka gani su biyun, sai dai maganin ne ya bambanta. Balewa ya zaɓi ya yi gyara daga ciki, a hankali, tare da sarakuna. Aminu ya ga cewa wanda yake cin albashin hukuma bakinsa a ɗaure yake, domin dokar aiki ta hana ma'aikaci shiga siyasa a fili. Ra'ayinsa yana tare da abokansa na Kano, amma sunansa ba ya iya fita tare da nasu.

To, a nan ne ya yanke shawara. Cikin watan Nuwamba 1950, yana da shekara 30, ya bar aiki. Ya buga bayanin dalilansa a jaridar Daily Comet da ake bugawa a Kano, inda ya nuna cewa bai yarda ci bayan da ƙasarsa take ciki ƙaddara ce da ba ta da makawa ba, irin mulkin da ake yi ne ya jawo shi, shi kuwa ba zai ci gaba da zama cikin wannan tsari ba, ko da za a yi masa dariya a kira shi mai mafarki. Sa'adu Zungur na cikin waɗanda suka ƙarfafa masa gwiwa. Ya tattara kayansa ya koma Kano, babu albashi, babu fansho, babu tabbacin abin da gobe za ta haifar.

Abokan nasa suka karɓe shi hannu biyu-biyu. Su suna da jama'a a kasuwa da unguwanni, shi kuma yana da ilmin boko da na addini da iya tsara magana, abin da ya sa duk wanda ya ce 'yan NEPU marasa tarbiyya ne, sai Malam ya amsa masa da aya da hadisi da tarihin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A watan Disamba 1950, a taron Jam'iyyar Mutanen Arewa da aka yi a Jos, ɓangaren su Aminu ya raba gari da masu ra'ayin bin sannu. Cikin 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa, watau NPC, mai alamar fartanya, NEPU kuwa tana da tauraro. A 1953 aka zaɓi Malam Aminu shugaban NEPU, ya gaji Abba Maiƙwaru.

KOWA YA CI ZOMO YA CI GUDU

Shekarun da suka biyo baya na wahala ne. A zaɓen 1951 'yan NEPU sun yi nasara a matakan farko a cikin Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma a matakin ƙarshe an ba En'e dama ta cusa nata mutane cikin masu jefa ƙuri'a. Haka aka tashi NEPU ba ta sami ko kujera ɗaya a Majalisar Kaduna ba. Izinin yin taro a hannun En'e yake, 'yan doka nata ne, kotun alƙali tata ce, gidan yari ma nata ne. Aka riƙa ɗaure 'yan jam'iyyar, ana yi musu bulala, ana ƙara musu haraji, waɗansu ma dole suka bar garuruwansu. A Kano aka sami ƙungiyar 'yan daba da ake kira 'yan Mahaukata, masu far wa 'yan NEPU. Hajiya Gambo Sawaba, shugabar matan jam'iyyar, ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Abin da ya fi ɗauri ciwo shi ne rabuwa da abokai. Waɗansu da aka fara tafiyar da su suka gaji, waɗansu suka ga inda ƙarfi yake suka koma can. Malam Maitama Sule, wanda yana cikin matasan Kano masu ra'ayin canji a farkon al'amari, ya koma NPC, shi ne kuma ya kayar da Malam Aminu a zaɓen Majalisar Tarayya na 1954. A zaɓen Majalisar Arewa na 1956 Alhaji Ahmadu Ɗantata ya sake kayar da shi. Cikin 1958 kuma Allah ya karɓi ran Sa'adu Zungur bayan doguwar jinya. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Waɗanda suka rage tare da Malam su ne teloli da mahauta da 'yan koli da malaman zaure da manoma, su ne kuma suka riƙe jam'iyyar da 'yan kwabbansu.

Shi kuwa bai zauna jiran zaɓe kawai ba. Ya buɗe makarantar Islamiyya a Kano inda ake koyar da addini bisa tsarin aji, maza da mata. Ya wakilci NEPU a taron tsarin mulki da aka yi a Landan cikin 1953. A 1954 NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe, abin da abokan hamayya suka riƙa yi masa gori da shi, wai ya haɗa kai da 'yan Kudu. Ya riƙa kiran a ba matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a tun lokacin da faɗin haka yake jawo zagi. Ya kuma rubuta littafin Motsi Ya Fi Zama, kan tafiye-tafiyensa a ƙasashen Turai.

Sai a zaɓen 1959, shekara 9 bayan ya bar aiki, ya ci kujerar Kano ta Gabas, NEPU ta sami kujeru 8 a Majalisar Wakilai. Da yake NCNC ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC, sai ga Malam Aminu ya zama mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati a Ikko, ƙarƙashin Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa, alhali a Arewa jam'iyyarsa tana shan matsi a hannun NPC ɗin. Ya kuma kasance cikin wakilan Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya. A zaɓen 1964 ya rasa kujerarsa.

ZAMANIN SOJA DA PRP

Bayan juyin mulkin 1966 an rushe jam'iyyu duka. Malam Aminu na cikin waɗanda suka goyi bayan a raba ƙasa jihohi, abin da Yakubu Gowon ya yi ran 27 ga watan Mayu 1967, aka sami jihohi 12 har da Jihar Kano. A wannan shekara aka naɗa shi Kwamishinan Sadarwa na Tarayya, ya zauna majalisa ɗaya da Cif Obafemi Awolowo da Cif Anthony Enahoro da Joseph Tarka a lokacin yaƙin basasa. Cikin 1971 aka mayar da shi Ma'aikatar Lafiya, ya riƙe ta har 1974. A zamanin soja ne aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, aka mayar da su ga gwamnati, watau abin da NEPU ta yi shekaru tana kuka a kai. Cikin 1976 matan Arewa suka sami damar jefa ƙuri'a. Mutumin da ya riƙe ma'aikatu biyu na Tarayya ya koma gidansa na Gwammaja kamar yadda ya fito, yana karantar da tafsiri da azumi, ƙofarsa a buɗe ga kowa.

Ya shiga Majalisar Tsara Tsarin Mulki ta 1977 zuwa 1978. Da aka ɗage takunkumin siyasa cikin 1978, ya sake tara tsofaffin abokai da sababbin matasa suka kafa PRP, mai alamar mabuɗi. Hukumar zaɓe ta so ta hana shi takara kan maganar takardun haraji, kotu ta wanke shi. A zaɓen shugaban ƙasa na watan Agusta 1979, wanda Alhaji Shehu Shagari ya ci, Malam Aminu, tare da mataimakinsa Sam Ikoku, ya zo na huɗu cikin mutum 5 da ƙuri'a sama da 1,700,000. PRP ta ci gwamna a jihohi 2: Alhaji Abubakar Rimi a Kano, da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna. Da hawansu suka soke haraji da jangali, nauyin da talakan Arewa ya daɗe yana ɗauke da shi.

Amma ko a nan ƙaddarar rabuwa da abokai ba ta bar shi ba. Saɓani ya shiga tsakaninsa da gwamnonin biyu kan hulɗarsu da gwamnonin sauran jam'iyyun hamayya, PRP ta dare gida biyu, 'yan taɓo masu bin Malam, da 'yan santsi masu bin gwamnoni. Majalisar Jihar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa cikin watan Yuni 1981. Malam yana shirin sake tsayawa takara a 1983, har ya zaɓi mace, Misis Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa, sai ajali ya riske shi ran 17 ga watan Afrilu 1983, yana da shekara 62. Aka binne shi a gidansa na Gwammaja. Bai bar dukiyar da za a yi rigima a kanta ba.

ABIN LURA

A yau filin jirgin saman Kano yana ɗauke da sunansa, haka babban asibitin koyarwa na Kano, da kwalejin koyon shari'ar Musulunci. Gidansa, wanda ake kira Gidan Mambayya, ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Bai taɓa zama firimiya ko gwamna ko shugaban ƙasa ba, amma da yawa daga cikin abubuwan da aka ɗaure mutanensa dominsu sun zama doka tun yana da rai.

A zamanin nan akwai ma'aikata da yawa, a bankuna da kamfanoni da ofisoshin gwamnati, waɗanda sukan kwana suna tunanin su ajiye aikin da suka daɗe a kai su haɗa hannu da abokai su kafa nasu. Tarihin Malam yana da abin da zai gaya musu. Bai bar aiki cikin fushin rana ɗaya ba, ya shekara 8 yana koyon sana'arsa, yana gina suna, yana sanin mutane, har ya tabbata cewa abin da yake so ya yi ba zai yiwu ba yana cikin aikin. Ya san albashi zai yanke, ya kuwa rage buƙatunsa daidai da haka har ƙarshen ransa. Ya jira shekara 9 kafin ya ga nasara ta farko. Abokan da ya je dominsu kuwa, waɗansu sun mutu, waɗansu sun juya masa baya, waɗansu sun tsaya takara da shi sun kayar da shi. Da don zaman hira da abokai kawai ya fito, da tun 1954 ya nemi hanyar komawa aji. Abin da ya riƙe shi shi ne aikin da suka taru don su yi, wanda ya ci gaba da shi ko da wa ya rage.

Allah ya jiƙan Malam Aminu Kano da abokan tafiyarsa, ya gafarta musu kurakuransu, ya sa Aljanna ce makomarsu, amin.